Dalilin da ya sa ziyarar ɗaliban kimiyya zuwa Gandun Dajin Kainji ta zama kasada

Ɗalibin kimiyyar halittu a Yauri, Ngaski ko Shanga yana zaune ne a maƙwabtaka da ɗaya daga cikin manyan wuraren nazarin halittu a Najeriya. Sai dai a yau, shugaban makarantar da zai sa hannu a takardar kai ɗalibai cikinsa sai ya yi tunani mai zurfi.

Mene ne wannan gandu?

An kafa Gandun Dajin Ƙasa na Tafkin Kainji a 1979, bayan haɗe dazukan Borgu da Zugurma. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 5,300, a jihohin Neja da Kwara. Tafkin kuwa, wanda ya samu bayan kammala madatsar Kainji a 1968, ya miƙo har cikin masarautar Yauri ta Jihar Kebbi.

Me ɗalibi ke koya a can?

A gefen kogin Oli da ya ratsa ɓangaren Borgu ana samun dorina, gwanki da ɓauna. Kainji da Yankari ne wuraren da aka san zaki ya rage a Najeriya. A nan ɗalibi ke koyon bin sawun dabba, ƙidayar itatuwa da ɗaukar samfurin ƙasa, abin da allon aji ba zai ba shi ba.

Tafkin ma aji ne. Kogin Kwara na cika sau biyu a shekara: farin ruwa na damina, sai baƙin ruwa da ke isowa da hunturu daga tsaunukan Gini. Masuntan Yauri sun daɗe da sanin haka. Aikin ɗalibi shi ne ya auna, ya rubuta. A New Bussa kuma akwai Kwalejin Tarayya ta Kula da Namun Daji da Cibiyar Binciken Kifi ta Ƙasa.

Me ya toshe hanya?

Rashin tsaro. A ranar 17 ga Yunin 2021, 'yan bindiga suka sace ɗalibai da malamai a Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri. Idan ɗalibi bai tsira a cikin makaranta ba, wane uba zai amince a kai ɗansa daji?

A 2024, cibiyar Clingendael ta ƙasar Holan ta fitar da rahoton da ya nuna masu iƙirarin jihadi na shigowa gandun ta iyakar Benin. A Agustan 2025, mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, Nuhu Ribadu, ya sanar da kama jagoran ƙungiyar Mahmudawa da ta yi sansani a yankin.

Wa ke da alhaki?

Gandun na ƙarƙashin Hukumar Gandun Daji ta Ƙasa, wato alhakin gwamnatin tarayya ne. Tsaron makarantun jiha da kuɗin ziyarar ilimi kuwa suna wuyan gwamnatin Kebbi. Tambayoyi biyu ya kamata matasa su riƙa yi wa wakilansu: nawa aka ware wa ma'aikatan tsaron gandun, kuma nawa aka saki?

Kafin a samu amsa, gaɓar tafkin da ke kusa da gari na iya zama mafari. Amma wanda zai kare dajin gobe, sai ya taɓa taka shi yau.