Kafin a Kwance Injin Jirgi, a Duba Farfela

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ruwan da aka tare a Kogin Kano ya mamaye kusan murabba'in kilomita 178, daga ƙasar Bebeji har gefen dajin Falgore. Faɗin nan ya fi ƙarfin filafili ga mai nisan zango ko mai kaya, shi ya sa wanda ya samu hali yake ɗaura inji a bayan jirginsa. Wanda aka fi sani a ruwayen Najeriya shi ne Yamaha Enduro mai ƙarfin doki 15 ko 40, kuma galibi na hannu ake saye. Ranar da ya fara kasa ja, hukunci ɗaya ake yanke masa: ya gaji, sai an kwance an canza ringi. A ganina wannan ne ya kamata ya zo ƙarshe, domin sau da yawa laifin yana ƙarƙashin ruwa, a jikin farfela.

Akwai dai abubuwan da za a kawar tukuna, kuma ba sa cin kuɗi. Injin nan fetur yake sha gauraye da baƙin mai, yawanci rabin lita a lita 25. In an rage ya ƙone fistin, in an zarce ya toshe fulogi. Man 'yan bumburutu da ya kwana a jarka yakan zo da ruwa ko ƙura, ruwan ya kwanta a gindin tanki, daidai inda tiyo ke zuƙa. Injin da ke tashi lafiya ya mutu bayan 'yan mintuna, a fara duba ƙaramin noti na murfin tanki, wataƙila a rufe yake, iska ba ta shiga. Sai a kalli siririn ruwan da ke tsartuwa daga bayan inji. In ya ɗauke, ko dai laka ta toshe hanya ko ƙaramar fankar roba mai tura ruwan sanyi ta cinye, kuma tayar da inji a tudu ko na ɗan lokaci kan lalata ta.

Idan duk wannan lafiya, a ɗaga ƙafar inji a karanta lambobin da ke jikin farfela, misali 9¼ x 11. Ta farko faɗinta ne a inci, ta biyu kuma nisan da za ta ci a juyi ɗaya da a ce ruwa ba ya zamewa. Injin jirgi ba shi da giya ta ɗaya da ta huɗu, gaba ce da baya kawai, don haka lamba ta biyun nan ita ce giyarsa. An ƙera waɗannan injuna su yi juyi 4,500 zuwa 5,500 a minti idan aka murɗa maƙura, kuma ƙarin inci ɗaya yana rage juyin da kamar 150 zuwa 200. Farfelar da ta dace da jirgin roba mara nauyi a Legas ko Warri, in aka ɗaura ta a jirgin katako da ya sha ruwa, ga fasinja ga buhunan masara, tamkar a ce babur ya hau tsaunukan Riruwai da kaya a giya ta huɗu ne. Inji zai yi ta gurnani, ya yi hayaƙi, fulogi ya yi baƙi, zafi ya taru a kan fistin. Ga shi Tiga ta ɗara teku tsayi da sama da mita 500, iska ta fi sauƙi, balle a zafin Afrilu, abin da ke ƙara rage wa inji ƙarfi kaɗan. Bakanike zai iya canza ringi sau biyu, matsalar tana nan.

Masu jirage za su ce babbar lamba ta fi gudu, ta kuma fi rage shan mai, abin da ba a raina shi tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023. Gaskiya ne ga jirgin da ba kowa a ciki. Da kaya kuwa, direba yana murɗe da maƙura tun daga wannan gaɓa har waccan, kafireto a buɗe, tafiya ba ta ƙaru ba. Rage inci ɗaya ko biyu yana barin inji ya kai juyinsa, a sassauta hannu. Sai dai kada a wuce gona da iri: lambar da ta yi ƙanƙanta tana sa inji ihu ya zarce iyaka, wannan ma kisa ne. Za a kuma ce wa ke da na'urar auna juyi a bakin ruwa? Akwai ƙarama da ake naɗa wayarta a jikin wayar fulogi, guda ɗaya ta ishi masu jiragen mashaya guda su riƙa karɓa-karɓa. Sharaɗin kawai a yi gwajin da irin kayan da aka saba ɗauka.

Wani lokaci lambar daidai ce, farfelar ce ta ji rauni. Da rani, lokacin da ake sakin ruwa zuwa gonakin Kadawa, tafkin yana ja baya, abin da ke ɓoye a ƙasa ya matso sama. Kunne ɗaya da ya lanƙwashe ya isa ya sa jijjiga. Idan inji na ƙara amma jirgi ba ya tafiya, a zargi robar da ke cikin cibiyar farfela: a ja layi ɗaya da ƙusa a kan cibiya da jikin farfela, a yi ɗan zagaye, in layin ya rabu biyu to robar ta saki. Nan ne nake saɓa wa masu son farfelar ƙarfe mara tsatsa. Ta fi ƙarko, amma in ta daki dutse ba ta bayarwa, bugun ya wuce zuwa haƙoran giya, waɗanda suka fi ta alminiyam tsada nesa ba kusa ba. A kuma riƙa cire farfela ana duba bayanta, domin zaren raga da na mamari yana naɗewa a wurin ya yanka robar da ke tare ruwa, man giya ya koma fari kamar madara.

Inji yana tsufa da gaske, ba musu. Wanda igiyarsa ta yi laushin ja, ko awon matsin silindansa biyu ya bambanta sosai, wannan kam sai a kwance shi.