Yadda Ake Fasa Injin Tsohuwar Fijo 504 Kafin A Sake Haɗa Shi

Jama'a, babu ƙauyen da bai san Peugeot 504 ba, wadda muke kira Fijo. An fara ƙera ta a Faransa a 1968, kuma a 1975 aka buɗe masana'antar haɗa motocin Peugeot a Kaduna. An daɗe da daina haɗa 504, amma har yau akori-kurarta na kai hatsi da taki da awaki kasuwannin ƙauye. Idan injinta ya tsufa, ko an sayo na hannu, sai an fasa shi kafin a san abin da yake buƙata. Don haka kada mai mota ya sayi ko noti ɗaya sai an buɗe an gani.

Idan injin yana tashi, a tayar da shi a dubi hayaƙi tukuna. Shuɗin hayaƙi na nufin yana shan baƙin mai. Farin hayaƙi mai kauri wanda ba ya ɗaukewa na nufin ruwa na shiga inda bai kamata ba. Baƙin hayaƙi kuwa fetur ne ya yi yawa, sau da yawa laifin kafireto ne, ba sai an fasa inji ba.

Daga nan a bar shi ya huce sarai, a cire batir, a zubar da ruwan lagireto, a tsiyaye baƙin mai cikin kwano. A dubi man da kyau. In ya koma kamar shayi da madara, ruwa ya gauraye da shi. In akwai ɓarɓashin ƙarfe mai ƙyalli, metal ya cinye. Kada a zubar da wannan mai kusa da rijiya ko gona. A wanke bayan injin da kananzir, a shimfiɗa buhu mai tsabta a wurin da ƙura ba ta kaiwa, musamman lokacin hunturu.

Inda aikin 504 ya bambanta da na wasu motoci shi ne wajen cire kan inji. Fistin ɗinta guda 4 suna gudu ne cikin bututun ƙarfe da makanikai ke kira silif. Waɗannan silif ba a manne suke da jikin inji ba, zaune kawai suke, ruwa na zagaye su, kuma kan inji ne ke danne su. A ƙasan kowanne akwai abin da ke hana ruwa sauka cikin mai. Bayan an cire sandunan da ke tura bawul, a sassauta notocin kan inji kaɗan-kaɗan, daga na gefe zuwa na tsakiya. Kan nan na alminiyam ne, yana iya lanƙwashewa idan aka kwance shi da zafi ko da garaje. Kada a ɗaga shi sama kai tsaye, domin gaskit zai iya janyo silif tare da shi. A girgiza shi gefe har ya saki. Da zarar ya fita, a danne silif da manyan wasa da noti kafin kowa ya juya inji. Yaran gareji suna son juya karankshaf su ga fistin na hawa da sauka, to a hana su. In silif ya motsa, kuma ba a sake zaunar da shi da sabon abin toshewa ba, ruwa zai bi cikin mai bayan an gama haɗawa.

Sai kuma a kula da jeri. Kowane ƙarfe ya riga ya cinye daidai da gurbin da ya zauna shekara da shekaru. A sami kwali a huda ramuka 8 don bawul, wasu 8 don sandunansu, a rubuta lamba. Fistin da kwanrod da murfinsa a sa musu alama daga 1 zuwa 4, haka ma murafun da ke riƙe karankshaf, su 5 ne, tare da nuna wajen da kowanne ke fuskanta. Murfi ɗaya in ya juya baya, karankshaf zai ƙi juyawa, ko injin ya buga ba da daɗewa ba. Notoci a zuba su cikin gwangwanaye daban-daban.

Yanzu mai mota ya matso ya gani da idonsa. Ya sa farce a saman silif ta ciki, in farcen ya maƙale a wani tudu, silif ya cinye, sabon rin kaɗai ba zai hana hayaƙi ba. Metal da ya nuna launin jan ƙarfe ya gama aiki. Karankshaf mai zane-zane sai an kai wa masu injin wanke ƙarfe, kuma sai sun faɗi awon da suka rage sannan a sayi metal daidai da shi. A ɗora ƙarfe miƙaƙƙe a kan fuskar kan inji, in haske na ratsawa ta ƙasa, sai an goge shi. A duba sarƙar taimin da famfon mai, waɗanda aka fi mantawa da su.

Duk abin da aka samu ya lalace a rubuta shi a takarda gaban makaniki. Da wannan takarda za a je kasuwa, a tafi da tsohon ƙarfen a hannu don a gwada da sabon kafin a biya kuɗi.