Dumama Ruwa da Zafin Rana: Kasuwar da Masu Sayar da Sola Suka Tsallake

LEGAS. Tun daga ranar 3 ga watan Afrilun 2024, lokacin da Hukumar Kula da Harkokin Wutar Lantarki ta Ƙasa, wato NERC, ta ɗaga kuɗin wuta ga jama'ar da ke rukunin A daga kimanin naira 68 zuwa naira 225 a kan kowane yunit, magidanta da masu otal-otal a manyan biranen ƙasar nan suka shiga bin kayayyakin lantarkinsu ɗaya bayan ɗaya domin gano wanda ya fi cinye masu kuɗi. An ɗan sassauta farashin zuwa naira 206.80 a watan Mayu, sa'an nan ya koma naira 209.50 a watan Yulin shekarar, amma duk da haka ya ninka na da har sau uku. Ga kuma janye tallafin man fetur da aka yi a watan Mayun 2023, wanda ya sa tayar da janareta ya zama abin da sai an yi shawara.

Akasari na'urar sanyaya ɗaki ake fara ɗora wa laifi. Ba kasafai ake tunawa da hitar nan da ke maƙale a bangon banɗaki ba, alhali kuwa takan ja wat 1,500 zuwa 2,000 idan tana aiki, wato daidai da fankar sama guda 20 ko fiye suna juyawa a lokaci guda. Wannan ne ma ya sa masu haɗa sola da batura a gidaje kan gargaɗi mai gida da kada ya kuskura ya jona hita a kan inbata, domin cikin ɗan lokaci za ta zuƙe batiran ƙarƙaf.

Lissafin ba mai wuya ba ne. Idan ana son ɗaga zafin ruwa lita 100 daga digiri 25 zuwa digiri 60, ana bukatar wuta kimanin yunit 4. A farashin watan Yulin 2024, wannan ya kama kusan naira 840 a rana, wato sama da naira 300,000 a shekara ga gidan da ke dumama ruwa kullum. Ƙaramin otal mai ɗaki 20 kuwa, idan aka ba kowane ɗaki lita 50, zai sha yunit 40 a rana, abin da ya haura naira miliyan 3 a shekara. Idan kuma da janareta ake yi, to ana maganar kimanin lita 13 ta man dizal kowace rana a kan ruwan wanka kawai.

Abin mamaki shi ne duk wannan zafi da ake saye da tsada yana sauka kyauta a bisa kwanon rufin gidajen. An kiyasta cewa kowane murabba'in mita ɗaya na ƙasar Nijeriya yana samun ƙarfin rana da ya kai yunit 3.5 a kullum a bakin teku, yana kuma ƙaruwa har zuwa yunit 7 a can ƙuryar Arewa. Na'urar dumama ruwa mai faɗin murabba'in mita 2 ta isa ta samar da waɗancan lita 100 na ruwan zafi a rana mai haske, ba tare da waya ko batir ba.

Ya kamata a bambance wannan na'ura da farantan sola da jama'a suka saba gani, domin sau da yawa akan haɗa su a ɗauka abu ɗaya ne. Farantin sola yana mayar da hasken rana ya zama lantarki, kuma kashi 20 cikin 100 ko ɗan fiye da haka yake iya kamawa. Ita kuwa na'urar dumama ruwa babu ruwanta da lantarki. Zafin ranar take tarawa kai tsaye ta zuba shi cikin ruwa, don haka takan kama rabin abin da ya sauka a kanta ko ma fiye. Dabarar ita ce dai wadda kowace uwargida ta sani, cewa baƙin bokitin da aka bari a tsakar gida da hantsi, kafin azahar ruwansa ya yi ɗumi.

Iri biyu ne suka fi yawa a kasuwannin duniya. Akwai mai kama da akwati shimfiɗaɗɗe, wanda aka rufe samansa da gilashi, a ciki kuma aka jera bututun jan ƙarfe a kan baƙin faranti. Akwai kuma mai jerin dogayen kwalaben gilashi, kowace kwalba mai bango biyu da aka zuƙe iskar da ke tsakaninsu, kamar yadda ake ƙera fulas ɗin shayi, ta yadda zafin da ya shiga ba ya samun hanyar fita. A duka biyun tankin ajiya yana zama ne a sama da inda ake tara zafin. Da yake ruwan zafi ya fi na sanyi rashin nauyi, shi da kansa yake hawa cikin tankin, na sanyi kuma ya gangaro ya maye gurbinsa, haka za su yi ta zagayawa har faɗuwar rana ba tare da injin turawa ba. Tankin na lulluɓe da abin da ke riƙe zafi, saboda haka ruwan da ya dumama yau da rana shi za a yi wanka da shi gobe da asuba.

Sana'ar ta daɗe. Wani Ba'amurke mai suna Clarence Kemp ne ya yi rajistar na'urar farko ta sayarwa a birnin Baltimo a 1891, sa'an nan a 1909 William Bailey na jihar Kalifoniya ya raba tanki da wurin tara zafi domin ruwan ya kwana da ɗuminsa. Isra'ila ta wajabta sanya ta a sababbin gidaje a 1980, a tsibirin Saifurus kuwa fiye da gidaje 9 cikin 10 suna da ita. Ƙasar Sin ce ke riƙe da kimanin kashi 70 cikin 100 na dukkan waɗanda aka kafa a duniya, kuma daga masana'antunta ne mafi yawan masu kwalaben gilashi ke fitowa.

A wannan yanki namu ma ba baƙuwa ba ce. A Jamhuriyar Nijar, marigayi Farfesa Abdou Moumouni, haifaffen Tasawa, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya shugabanci hukumar binciken makamashin rana ta ƙasar, ONERSOL, tun daga 1969, kuma na'urorin dumama ruwa na daga cikin abubuwan da hukumar ta ƙera aka kafa a gidaje da ma'aikatu. A nan gida kuma Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, da takwararta ta Jami'ar Nijeriya da ke Nsukka, sun ƙera irinsu da kayan cikin gida, har cibiyar Sakkwato ta kafa wata mai cin lita 1,000 a sashen haihuwa na asibitin koyarwa na jami'ar. Ilimin yana nan ke nan. Abin da ya hana shi fita daga harabar jami'a zuwa kasuwa shi ne arhar wuta da ta man fetur a wancan zamani, ga kuma miliyoyin jama'a da ba su da mita, waɗanda ko sun kunna hita ko ba su kunna ba kuɗin ƙiyasi ɗaya za a kawo masu.

Sai dai wajibi ne ɗan kasuwa ya san wa zai sayar wa, domin ba kowane gida ne zai ci ribar na'urar ba. Magidanci a Sakkwato ko Maiduguri ba ya neman ruwan zafi a watan Afrilu, hasali ma neman yadda zai sanyaya na tankinsa yake yi. Bukatarsa ta watanni uku ce ko huɗu na hunturu, don haka zai daɗe kafin kuɗinsa su dawo. Lamarin ya sha bamban a Jos da tsaunin Mambila, inda sanyi ke kusan zagaye shekara, haka nan a gidajen ma'aikata da attajirai na Abuja da Legas da Fatakwal waɗanda suka saba da ruwan ɗumi kowace safiya. Gida mai yawan iyali, inda ba a rabuwa da wankan jarirai da na masu jego da na tsofaffi, shi ma yana cikin lissafi, ko da kuwa da itace ko gawayi yake dafa ruwa, domin ruwan da ya riga ya kai digiri 60 ɗan itace kaɗan yake bukata ya tafasa.

Babbar kasuwar dai tana wajen masu bukatar ruwan zafi da yawa a kowace rana ta Allah: otal-otal, asibitoci, makarantun kwana, gidajen abinci, masu wanki da guga, da kuma gidajen wanka na haya da ke tashoshin mota da unguwannin 'yan Arewa a biranen Kudu. Mai hikima zai fara da waɗannan, domin su ne masu riƙe da littafin lissafi, su ne kuma za su ga bambanci a ƙarshen wata. Magidanta sukan biyo baya ne idan sun gani a wurin wani.

To amma akwai wuraren da cinikin kan lalace, kuma kusan dukkansu a wajen kafawa ne. Na farko shi ne nauyi. Tanki mai lita 200 idan ya cika ya haura kilo 200, ban da ƙarafan da ke riƙe da shi, alhali yawancin rufin gidajenmu kwano ne marar kauri a kan katako. Inda babu dakalin kankare a sama, gara a yi wa na'urar tata hasumiyar ƙarfe. Sa'an nan dole tankin ruwan sanyi na gidan ya fi ta tsawo, in ba haka ba ruwa ba zai shiga ba, wanda ke nufin sau da yawa sai an ƙara wa hasumiyar tankin gidan tsayi, kuɗin da mai saye bai sa a lissafi ba.

Yankewar ruwa ita ce babbar abokiyar gabar mai kwalabe. Idan tanki ya ƙafe, kwalaben suka yini a rana babu ruwa, zafin cikinsu yakan wuce na tafasasshen ruwa nesa ba kusa ba, kuma da zarar an tayar da injin rijiyar burtsatse da tsakar rana ruwan sanyi ya faɗa ciki, sai su farfashe. Ƙa'ida ita ce a cika ta da sassafe ko bayan magariba. Ruwan burtsatse na wasu yankuna kuma yana barin wani farin dasƙararren abu, irin wanda ake gani a gindin butar shayi, wanda kan toshe bututu sannu a hankali. Ƙurar hunturu na rage ƙarfinta a daidai lokacin da aka fi bukatarta, sai an riƙa goge gilashin a kai a kai. A Kudu kuwa hadarin watannin Yuli da Agusta kan rufe rana kwana da kwanaki, shi ya sa ake sanya ƙaramar hitar lantarki a cikin tankin domin irin waɗannan ranaku.

Akwai kuma batun lafiya. Ruwan na iya yin zafin da zai saɓule fatar yaro cikin daƙiƙoƙi, don haka bai kamata a kafa ta ba tare da abin da ke gauraya shi da na sanyi kafin ya iso famfo ba. Game da fuskantarwa, da yake Nijeriya na arewa da tsakiyar duniya, kudu ake juya ta, a ɗan kishingiɗar da ita kamar digiri 10 zuwa 15. Duk wannan aikin mai gyaran famfo ne da mai walda, ba na mai haɗa waya ba, kuma a nan ne dillalan sola da yawa za su iske ba su da ma'aikata.

Kada kuma a manta da cewa farashin farantan sola ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 tsakanin 2010 da 2020, har a wasu ƙasashen Turai mutane sun koma dumama ruwa da rarar lantarkin farantansu. Ga gidan da ya riga ya cika rufinsa da faranti, wannan hanya abar dubawa ce. Ga wanda ba shi da su kuwa, ko wanda batiransa da ƙyar suke kai shi asuba, tankin ruwan zafi shi ne ma'ajiyar ƙarfin rana mafi arha da zai iya mallaka.

Saura batun jari, tun da da ruwan ciki ake jan na rijiya. Na'urar ba ta cin komai bayan an kafa ta, amma kuɗinta a dunƙule ake biya, kuma ƙasashe sun bi hanyoyi dabam-dabam wajen warware wannan. Kenya ta bi ta tilas: a 2012 ta kafa dokar da ta wajabta wa duk ginin da ke shan ruwan zafi fiye da lita 100 a rana ya sanya na'urar, tare da barazanar tara ko ɗauri, amma masu gidaje suka yi ta ƙorafi har majalisar dokoki ta soke dokar a 2018. Afirka ta Kudu ta yi alkawarin kafa miliyan ɗaya kafin ƙarshen 2014, ba ta ko kusa cika alkawarin ba. Tsibirin Babados, mai mutane ƙasa da 300,000, ya bi ta haraji tun daga 1974, inda ya sauƙaƙa wa masu ƙerawa a cikin gida, ya kuma tsawwala wa hitar lantarki, abin da ya haifar da kamfanonin gida da har suke fitar da kayansu zuwa maƙwabta.

Tsarin da ya fi dacewa bankunanmu da kamfanonin rarraba wuta su nazarta shi ne na Tunisiya, mai suna PROSOL, wanda aka fara a 2005. Gwamnati na biyan wani kaso na kuɗin na'urar, banki ya ba da rancen sauran na tsawon shekara 5, kamfanin lantarki na ƙasar, STEG, kuma ya riƙa karɓar biyan a cikin takardar kuɗin wuta. Da yake ba mai son a yanke masa wuta, bankuna sun samu natsuwa sun rage kuɗin ruwa, shi kuma dillali ana biyansa kuɗinsa tun farko. A Nijeriya, jama'ar rukunin A da ke da mitar kati su ne irin wannan tsari zai fi sauƙin hawa kansu, domin su ne suka fi jin zafin farashi, kuma tuni kamfanonin rarraba wuta suka saba cire tsohon bashi daga kuɗin katin da mutum ya saya.