Ɗori, Ciko da Liƙi: Hanyoyi Uku na Gyaran Ƙashi

Duk wanda tsautsayi ya afka masa a kan babbar hanyar da ta ratsa Kawo zuwa Zariya har ya sami karaya, ɗayan wurare biyu ake kai shi: asibiti ko gidan maɗori. A bakin jama'a aikin wuraren biyu ɗori ne. Nufin wannan maƙala shi ne a nuna cewa kalmar ba ta wadatar ba, domin ayyuka uku ne mabambanta, kuma ya kamata masu ƙirƙirar kalmomin fannu su ba kowanne sunansa.

Ɗori dai aiki ne da ake yi wa ƙashi mai rai. Maɗori yakan ja gaɓar ya daidaita bakunan karayar, ya jera karare ko tsinken gora, ya ɗaure. Likita kuwa filasta yake naɗawa, dabarar da wani likitan soja ɗan Holan, Antonius Mathijsen, ya fito da ita a wajen 1851. Babu ɗaya daga cikinsu da yake haɗa ƙashin da hannunsa. Jini ne yake daskarewa a wurin, ya zama guringuntsi, sa'an nan ya ƙanƙare ya zama sabon ƙashi cikin makonni. Aikin maɗori bai wuce hana motsi ba, ko da yake wannan ma ba ƙaramin sani ba ne.

Na biyu shi ne abin da likitoci suke kira simintin ƙashi. A 1890 Themistocles Gluck ya gwada dasa gaɓar hauren giwa a Balin, ya kafe ta da haɗin danƙon itace da filasta, amma gyambo ya ɓata aikin. Sai a wajen 1958 John Charnley na Ingila ya ari irin robar da masu gyaran haƙori suke amfani da ita, ya kafe ƙarfen ƙugu da ita. Gari ne da ruwa ake kwaɓawa, ya ɗauki zafi, ya sandare cikin kimanin minti 10 zuwa 15. Sunan siminti yana iya ruɗa mai karatu, gama abin ba ya manne wa ƙashi ko kaɗan. Shiga yake yi cikin ƙofofin ƙashin ya cike sararin da ke tsakaninsa da ƙarfe. Saboda haka a ganina ciko ya fi dacewa da shi, kamar yadda muke cewa cikon haƙori.

Na uku aikin masu tonon kayan tarihi ne, kuma a nan ne liƙi na ainihi yake, tun da mataccen ƙashi ba ya tsirowa. Alal misali, ƙoƙon kan da Thurstan Shaw ya tono a Iwo Eleru kusa da Akure a 1965 a farfashe aka same shi, sai da Don Brothwell ya harhaɗa gutsattsarinsa. Binciken 2011 ya ba shi shekara wajen 13,000. Sharaɗin wannan liƙi kishiyar na likita ne: likita yana son abin da ba zai saki ba, mai adana kayan tarihi kuwa yana son gam ɗin da wani zai iya narkarwa gobe in ya ga an haɗa ba daidai ba. Shi ya sa ake amfani da Paraloid B-72, wanda asiton yake narkarwa. Mutanen da sun yi amfani da gam ɗin da ake dafawa daga fata da ƙashin dabbobi, abin da yake rikita awon shekaru, domin sabon sinadari ya cuɗanya da tsoho.

Har wa yau, tsohon ƙashi yana riƙe da labarin jinyar mai shi, gama wurin da ya warke yakan bar kumburi. Ƙwarangwal ɗin da Ralph Solecki ya tono a kogon Shanidar na Iraƙi a 1957 yana da raunuka da suka warke da hannu guda da ya shanye, watau alamar an yi ɗawainiyar mutumin shekaru da dama.

Irin wannan shaida ce muka rasa a Jihar Kaduna. Wanda ya taso daga Kawo ya bi titin Ali Akilu zuwa gidan adana kayan tarihi da aka buɗe a 1975 zai ga mutum-mutumin yumɓu na Nok, al'adar da Bernard Fagg ya fito da sunanta bayan 1943. Ƙashin mutanen da suka gina su kuwa babu, domin ƙasar yankin tana da tsami, ta narkar da shi. Masanan Jami'ar Frankfurt da suka fara tono a 2005 sun tarar da tukwane a gefen jerin duwatsu, da duwatsun wuya a jere kamar yadda suke a wuyan mai su. Da wannan suka ɗauka kaburbura ne.