Idan Kwamfutocin Gida Ɗaya Ba Sa Ga Maciji

 A wannan fitowa za mu taɓa wata matsala da muke yawan tararwa idan mun fita zagaya ƙauyuka. A dā, kwamfuta ɗaya ce tak a ofishin ikkilisiya ko a gidan magatakarda. Yanzu kuwa akwai gidajen da za ka tarar da biyu ko uku: wata kyauta aka bayar, wata ta ɗalibi ce, wata kuma ɗa ne ya aiko daga birni. Duka suna shan intanet daga akwati ɗaya da ake kira rauta, amma idan aka ce wannan ta miƙa wa waccan takarda, sai magana ta tsaya.

Mun ga haka a gidan wani Baba, malamin firamare mai ritaya, wanda shi ne ma'ajin ƙungiyar manoma ta ƙauyensu. Lissafin bashin taki na shekara uku yana cikin wata tsohuwar kwamfutar tebur mai Ubuntu. 'Yarsa tana da ta cinya mai Windows 11, ɗansa kuma ya aiko masa da Mac 'yar gwanjo. Ranar rabon taki ta kusa, ana bukatar a buga sunayen waɗanda suka biya da waɗanda ba su biya ba, amma kwamfutocin ba sa ganin juna, firinta ma yau ta yi aiki gobe ta ƙi. Wani mai gyara a gari ya ce a kawo tsohuwar ya goge ta ya sa mata Windows, wai shi ke nan za su daidaita. Da Baba ya gaya mana, muka tambaye shi ko lissafin yana da kwafi a wani wuri. Ya ce babu. Muka ce, "Baba, don Allah kada a goge komai tukuna." Da an goge, da bashin mutane ya koma musu, wannan ya ce na biya, wancan ya ce ban ci ba.

Bari mu fara fahimtar abin da ya bambanta su. Kowace kwamfuta tana da babbar manhaja, wato wadda take tafiyar da dukan sauran. Windows na kamfanin Microsoft ne, ta Mac ta kamfanin Apple ce, duka a Amurka. Ubuntu kuwa reshe ne na Linux, wani ɗan Afirka ta Kudu mai suna Mark Shuttleworth ya kafa ta, ta fara fitowa a 2004. Kyauta ce, ba a biyan lasisi, shi ya sa masu ba da tsofaffin kwamfutoci suke yawan sa ta. Bambancin nan ba ciwo ba ne. A kasuwar Mangu, Mwaghavul da Ngas da Bafulatani kowa da harshensa na gida, amma da Hausa ake ciniki. Su ma kwamfutoci suna da harshen kasuwa na musayar fayil, sunansa SMB, kuma dukan ukun suna jin sa. Abin da ya rage shi ne a gano inda maganar take yankewa.

Kafin a taɓa komai, a kwafe muhimman fayil a filashi. Ko a nan akwai tarko. Filashin da aka tsara da tsarin NTFS na Windows, Mac za ta karanta shi amma ba za ta rubuta a kai ba. Wanda aka tsara da tsarin Mac ko na Linux kuwa, Windows ba ta gane shi, sai ta fito da saƙo cewa a yi masa fomat kafin a yi amfani da shi. Kada ku yarda. Fomat sharewa ne, kuma filashin lafiyarsa ƙalau, kawai ba ta iya karanta shi ba ne. Tsarin da duka ukun suke karantawa su kuma rubuta shi ne exFAT. Tsohon FAT32 ma yana yi, sai dai ba ya ɗaukar fayil ɗaya da ya wuce gigabait 4. Ku ware filashi ɗaya tun yana fanko, ku tsara shi da exFAT, ya zama na gida.

Daga nan sai a tabbatar duka suna kan rauta ɗaya. Wannan kamar wasa ne, amma a gidan Baba nan muka fara kama ɓarawo. Mac ɗin ba a kan rautar take ba, tana jone ne da Wi-Fi na wayar 'yarsa, domin a nan aka fara haɗa ta kuma ta riƙe. Intanet tana samu, shi ya sa ba wanda ya lura. Haka kuma wasu rautoci suna da Wi-Fi na baƙi, wanda sunansa yakan ƙare da Guest. An yi shi ne musamman domin wanda ya shiga ya sami intanet kawai, kada ya ga sauran na'urorin gida.

Hanyar tabbatarwa ita ce a duba adireshi. Rauta tana ba kowace na'ura lamba, kamar lambar gida a kan titi, misali 192.168.8.101. A Windows, ku danna maɓallin Windows tare da R, ku rubuta cmd, idan baƙin allo ya buɗe ku rubuta ipconfig, ku nemi layin da ya ce IPv4. A Ubuntu, ku danna Ctrl da Alt da T tare, ku rubuta hostname -I. A Mac, ku riƙe maɓallin Option ku danna alamar Wi-Fi a sama, lambar za ta fito. Ku rubuta duka a takarda. A rautar gida, kashi uku na farko dole su zama iri ɗaya, na ƙarshe kaɗai zai bambanta. Idan ɗaya tana 192.168.8 wata kuma tana 192.168.43, ba unguwa ɗaya suke ba. Idan kuka ga lamba ta fara da 169.254, ma'anarta kwamfutar ta roƙi adireshi rauta ba ta amsa ba, sai ta laƙaba wa kanta. A nan sai a duba kebul, ko a kashe rautar a sake kunnawa, ko a matso kusa. Bangon laka mai kauri da kwanon rufi suna cinye Wi-Fi sosai. Kwamfutar da ba ta motsi, gara a ja mata kebul, yana kai har mita 100.

Idan adireshi ya daidaita, sai a yi sallama. A baƙin allon nan ku rubuta ping, ku bar fili, ku sa lambar ɗayar kwamfutar. Idan ta amsa, hanya a buɗe take. Windows takan aika sau huɗu ta tsaya, amma Mac da Ubuntu ba sa tsayawa sai an danna Ctrl da C. Abin da muka gani a gidan Baba shi ne: daga Windows aka yi wa Ubuntu sallama ta amsa, daga Ubuntu aka yi wa Windows sallama shiru. Wannan ba lalacewa ba ce. Windows tana da katangar tsaro, kuma idan ta shiga sabon Wi-Fi takan ɗauke shi a matsayin wurin jama'a, kamar tasha ko otal, sai ta rufe ƙofa. Ku shiga Settings, sashen Network & internet, ku buɗe bayanin Wi-Fi na gidanku, ku canza daga Public zuwa Private. Sannan a sashen Advanced sharing settings ku kunna ganin juna da raba fayil da firinta. Wasu masu gyara sukan kashe katangar gaba ɗaya domin su huta. Mu ba mu goyi bayan haka ba, musamman ga kwamfutar ɗalibi da za ta koma makaranta ta shiga Wi-Fi na mutane da yawa. Ana buɗe wa ɗan gida ƙofa ne, ba a rushe danga.

To, sai babbar magana, wato raba folda. Mutane da yawa sukan buɗe wurin da aka rubuta Network su jira su ga sunan ɗayar kwamfutar, idan ba su gani ba su ce abin ya ƙi. Kada wannan ya ruɗe ku. Yadda Windows take shelar sunanta daban ne da yadda Mac take yi, don haka jerin sunaye yakan zauna fanko alhali hanya lafiya lau. Ku kira ta da lamba kai tsaye. A Windows, a saman tagar fayil ku rubuta \\192.168.8.102, wato karkatattun layi biyu sannan lambar. A Mac, cikin Finder ku danna Command da K ku rubuta smb://192.168.8.102. A Ubuntu ma haka ake rubutawa a manhajar Files, wurin haɗawa da wata kwamfuta.

A wace kwamfuta za a ajiye foldar? Shawararmu, a wadda take kwana a gida. A gidan Baba wannan ita ce mai Ubuntu. Ubuntu tana iya shiga foldar wasu tun daga farko, amma kafin ta buɗe tata ga wasu sai an sa mata manhajar Samba, wadda wani ɗan Ostareliya, Andrew Tridgell, ya fara rubutawa a farkon shekarun 1990, kuma ita ce take sa Linux da danginta su iya harshen Windows. Ana sa ta da umarnin sudo apt install samba, kuma tsara foldar yana bukatar wanda ya ɗan saba. Abin da ya ci mana kusan awa guda shi ne kalmar sirri. Muna sa wadda Baba yake buɗe kwamfutar da ita, tana ƙi. Ashe Samba tana da nata littafin sunaye daban. Sai an rubuta sudo smbpasswd -a tare da sunan mai kwamfutar, an ba ta kalmar sirri, sannan ta san shi. Windows ma tana da irin wannan: idan da 'yan lambobin PIN kuke buɗe ta, ba su za ku ba ɗayar kwamfutar ba, ainihin kalmar sirrin asusun ake bukata. Kuma sababbin Windows sukan ƙi shiga foldar da aka bari a buɗe ba suna ba kalmar sirri.

Akwai wata shawara da za ku iya ji daga masu gyara, cewa a kunna SMB1 komai zai yi. Gaskiya ne wani lokaci yakan yi, amma ku san abin da kuke buɗewa. SMB1 shi ne tsohon salon harshen, kuma ta raunin da yake cikinsa ne cutar kwamfuta mai suna WannaCry ta bi a watan Mayu na 2017, ta kulle fayil ɗin mutane a ƙasashe fiye da 150 tana neman kuɗin fansa, har asibitoci a Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya gida. A ƙarshen shekarar Microsoft ta fara cire shi daga sababbin Windows 10, Samba ma ta rufe shi a 2019. Wadda ba ta jin komai sai SMB1 ita ce Windows XP, wadda aka daina yi wa gyaran tsaro tun Afrilu 2014. Idan har yanzu kuna da ita a ofis, ku cire ta daga rauta, ku riƙa ɗaukar fayil da filashi, ko a kwafe kayan ciki a sa mata Linux mara nauyi.

Saura firinta mai yau da gobe. Dalilinta wuta ce. Adireshin da rauta take bayarwa aro ne, ba mallaka ba. Idan aka ɗauke wuta ko batirin sola ya ƙare, aka sake kunnawa, rautar tana iya ba firinta wata lamba, alhali kwamfutoci suna neman ta a tsohuwar. Maganin shi ne a kama mata lamba ta dindindin. A ƙasan rautar akwai takarda da aka liƙa mai ɗauke da adireshin shafinta, sau da yawa 192.168.0.1, ko 192.168.1.1, ko 192.168.8.1. A buɗe shi a burauza, a nemi sashen DHCP, a ɗaure lamba ɗaya ga firinta, ɗaya kuma ga kwamfutar da take riƙe da folda. Wasu ƙananan rautocin aljihu ba su da wannan, sai a sa lambar a jikin firintar kanta. Idan wuta ta dawo kuma, ku fara kunna rauta, ku ba ta minti biyu, sannan sauran.

Wani ɗan abu da muka tarar a tsohuwar kwamfutar Baba, ko da yake ba shi muka je nema ba: duk safiya agogonta yakan koma shekarun baya, shafukan intanet su ƙi buɗewa suna cewa ba tsaro. Ƙaramin batir ne mai kama da kwabo a cikinta ya mutu, lambarsa CR2032, ana samunsa wurin masu gyaran agogo. Tsofaffin kwamfutocin kyauta da yawa suna zuwa da wannan ciwo.

Kafin la'asar ta yi, an buga jerin sunayen bashin taki daga Mac ɗin, fayil ɗin kuma yana nan zaune a tsohuwar kwamfutar da aka so gogewa. 'Yar Baba ce ta riƙe biro tun daga farko, tana rubuta kowane abu da muka canza da abin da ya biyo baya, domin ba mu canza abu biyu a lokaci ɗaya ba. Lambobin na'urorin huɗu yanzu suna liƙe a bango kusa da rautar, kalmomin sirri kuma suna cikin akwatin ma'aji tare da filashin.

Duk ikkilisiya ko ƙungiyar da take fama da irin wannan, idan ma'aikatanmu sun zo zagaya ku tare su da takardar lambobinku, da ainihin saƙon da allon ya nuna, ko da hotonsa ne a waya. Kuma ku yi kwafin lissafinku kafin mu iso.