Idan Wayar Sabar Ta Katse

Yau za mu leƙa ɗakin nan mai sanyi da ba kowa ake bari ya shiga ba, inda ake ajiye sabar, wato babbar kwamfutar da sauran kwamfutocin ofis ke dogaro da ita. A asibiti, a cikinta bayanan marasa lafiya suke. A cibiyar jarrabawa ta kwamfuta, daga gare ta tambayoyi ke fitowa zuwa gaban kowane ɗalibi. Ana kashe maƙudan kuɗi a saye ta, a saya mata batir da na'urar sanyaya ɗaki, amma idan ka zaga bayanta sai ka tarar waya guda ɗaya tak ce ta haɗa ta da kowa. Ɓera ya ci wayar, ko mai shara ya fizge ta da tsintsiya, ko katin sadarwar da aka soka ta a ciki ya ƙone, shi ke nan aiki ya tsaya cak, alhali sabar tana nan lafiya lau.

Maganin wannan matsala ya daɗe da samuwa, kuma ga mai amfani da manhajar Linux kyauta ne. Asalinsa daga hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, yake. A shekarar 1994, Thomas Sterling da Donald Becker suka haɗa kwamfutoci 16 na gama-gari su yi aiki tare kamar wata ƙatuwar kwamfuta guda, suka sa wa aikin suna Beowulf. Da suka ga waya ɗaya ta yi kaɗan ga yawan bayanan da kwamfutocin ke musaya, sai Becker ya rubuta manhajar da ke ɗaure katin sadarwa biyu su yi aikin ɗaya. Su sauri suke nema. A shekarar 2000 ne wani Bafaranshe, Willy Tarreau, ya ƙara wa manhajar dabarun jure katsewa, ta yadda idan waya ɗaya ta mutu ɗayar za ta karɓi aiki. Microsoft ma ya saka irin wannan a cikin Windows Server 2012.

To, yaya ake yi? Sabar na bukatar kafar sadarwa biyu, kuma yawancin waɗanda ake sayarwa yanzu da biyu ko huɗu suke zuwa, sai dai a bar sauran suna shan ƙura. Mai kula da sabar zai ƙirƙiri wata kafa ta uku wadda babu ita a zahiri sai a cikin manhaja, an saba kiranta bond0. Zai cire adireshin IP daga kafofin nan biyu na gaske, ya ɗora shi a kan wannan ta ukun, sannan ya sa biyun a ƙarƙashinta. Daga nan duk mai neman sabar da bond0 yake magana, bai san ta wace waya saƙonsa ya bi ba.

Linux yana da salo bakwai na wannan haɗi, masu lamba 0 zuwa 6. Biyu ne aka fi amfani da su. Na 4 yana bin ƙa'idar 802.3ad da aka fitar a shekarar 2000, inda wayoyin ke aiki tare a raba musu kaya, amma dole ne a saita suwic, wato na'urar da ke rarraba layi zuwa kwamfutoci, ta san da zancen. Na 1 kuwa, mai suna active-backup, waya ɗaya ce ke aiki, ɗayar tana zaune tana jira, kuma ba ruwansa da irin suwic ɗin da kake da shi. Ni dai a ganina, ƙaramin asibiti ko makaranta ko ofishin da mutum ɗaya ke kula da komai, na 1 ya fi dacewa da shi. Ba ya ƙara maka sauri ko kaɗan, amma yana da sauƙin fahimta, kuma ranar da abu ya rikice da tsakar dare, sauƙin fahimta shi ne abin da za ka fi bukata.

Yanzu ga inda maganar take da ɗan zurfi, masu sauraro, sai a saurara da kyau. Ta yaya sabar za ta san waya ta mutu? Hanya ta farko ita ce miimon. Idan ka sa masa 100, sabar za ta riƙa tambayar katin sadarwa sau goma a kowace daƙiƙa ko har yanzu yana jin ɗaya ɓangaren. Da zarar amsa ta zama a'a, sai ta koma kan waya ta biyu, ta aika sanarwa ga na'urorin da ke kewaye cewa ga sabuwar hanyar da za a same ta. Duk wannan kan faru kafin mai aiki a kwamfutarsa ya ankara.

Sai dai miimon ɗan tsakanin sabar da suwic kawai yake gani. A ce suwic ɗin yana kunne, fitilarsa na ƙyalli, amma wayar da ta haɗa shi da sauran ginin ce ta tsinke. Sabar za ta ga komai daidai, ta ci gaba da zuba saƙonni a hanyar da ba ta kai ko'ina. Saboda irin wannan ne aka tanadi hanya ta biyu, wadda ake saitawa da arp_interval da arp_ip_target. Za ka ba ta adireshin wata na'ura da ke can gaba, misali rauta da ke fitar da ku waje, ta riƙa kiranta a kai a kai. In ba amsa, ta canja waya. Ana iya ba ta adireshi har 16, kuma ya kamata a ba ta fiye da ɗaya, domin kada mutuwar na'ura guda ta sa a yanke wa lafiyayyar waya hukunci. Ba a haɗa hanyoyin biyu a lokaci guda, ɗaya ake zaɓa.

Akwai kuma matsalar dawowa. An gyara waya ta farko, fitila ta kama, sabar ta yi wuf ta koma kanta. Amma wasu suwic, masu amfani da tsohuwar ƙa'idar hana saƙo zagaye, sukan ɗauki kamar daƙiƙa 30 suna nazarin sabuwar waya kafin su bari komai ya wuce. Ka ga an samu katsewa ke nan a daidai lokacin da aka gama gyara. Akwai updelay, wanda ke sa sabar ta dakata na ɗan lokaci kafin ta amince da wayar da ta dawo. Akwai kuma primary_reselect, da za a iya saitawa ta yi zamanta a kan waya ta biyu muddin tana aiki.

Ga wanda zai yi wannan saiti daga nesa, a yi hattara, domin reshen da kake zaune a kai kake taɓawa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a soka wayoyin biyu a suwic ɗaya, ko a suwic biyu da ke shan wuta daga soket ɗaya. Yammacin Afirka ya ga babban misalin wannan ranar Alhamis, 14 ga Maris, 2024, lokacin da manyan wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku, WACS da ACE da MainOne da SAT-3, suka lalace kusan a tare a gaɓar tekun Kodebuwa. Intanet ya yi rauni ko ya ɗauke a Najeriya da Ghana da Laberiya da Benin da Kodebuwa, harkar banki ta tsaya wa mutane da yawa, kuma gyara ya ɗauki makonni. Wayoyi huɗu ne, na kamfanoni daban-daban, amma yanki ɗaya suka ratsa. A ɗakin sabar ma, kowace waya ta tafi nata suwic, kowane suwic da nasa batir, kuma kada a ɗaure wayoyin su bi ta rami ɗaya a bango.

Abin da ya fi damuna a wannan fanni shi ne, idan tsarin ya yi aikinsa da kyau, ba wanda zai sani. Waya ta farko za ta mutu a watan Janairu, ta biyu ta karɓa shiru, ba ƙorafi, ba kiran waya. Ofis ya koma rataye a waya ɗaya wata da watanni, kowa na zaton akwai kariya, har ranar da ta biyun ita ma za ta tafi. Amma Linux bai ɓoye komai ba. Akwai fayil mai suna bond0 a cikin proc, net, bonding, wanda ke nuna wayar da ke aiki yanzu, da halin da kowacce ke ciki, da sau nawa kowacce ta taɓa katsewa. Dubawa ba ta cin minti ɗaya. Wanda ya fi haka shi ne a saita manhajar sa ido ta turo saƙo a waya duk lokacin da aka canja hanya.

Saboda haka kirana ga masu kula da sabar shi ne, ku nemi lokacin da aiki ya lafa, ku sa wata kwamfuta ta riƙa kiran sabar ba ƙaƙƙautawa, sannan ku zare waya ta farko da hannunku ku ga abin da zai faru. Ku mayar, ku zare ta biyu. Ku kashe suwic ɗaya gaba ɗaya. Ku kashe sabar ku kunna, ku tabbatar saitin bai ɓace ba. Shugabannin ma'aikatu kuma, ku tambayi ma'aikacinku yaushe ya yi wannan gwaji na ƙarshe, kuma ku ba shi kuɗin suwic na biyu idan ya nema.