Harsashin da Ake Harbawa Don Goge Cikin Bindiga

A wurin masu gasar harbi na Amurka, fitowar bindiga daga masana'anta ba ya nufin aikinta ya ƙare. In aka zura siririn madubi cikin bututunta, za a ga tabon da ƙarfen yanka ya bari, musamman a maƙogwaro, ɗan wurin da harsashi ke fara shiga kafin ya kama tsagin da ke murɗa shi. Tabon a gicciye yake, harsashi kuwa sanye yake da rigar jan ƙarfe. Duk harbi sai tabon ya kankare masa riga, ɓurɓushin ya manne a bututu, har saiti ya fara kaucewa.

Tsohuwar dabara ita ce a harba ɗaya a wanke, a sake harba ɗaya a wanke, har wurin ya yi sumul. Aiki ne mai cin rai, kuma ba kowa ya yarda da shi ba: marigayi Gale McMillan, sanannen maƙerin bututu, yana ganin hanya ce kawai ta cinye bututu a sayi wani.

Harsashi mai kaushi shi ne gajeruwar hanya. Ana manna masa garin wasa ƙarfe, sai ya goge bututun yayin wucewa. David Tubb, mutumin Texas da ya ci kambun ƙasa a gasar Camp Perry sau 11, yana sayar da irinsa da sunan FinalFinish: harsashi 50, kashi biyar, goma-goma. Da mafi kaushi ake farawa a ƙare da mafi laushi, yadda kafinta ke goge katako, ana rage albarushi, ana wanke bututu tsakanin kashi da kashi. Kamfanin Wheeler kuwa man gugar yake sayarwa, mai lamba 220 da 320 da 600, mutum ya murza harsashinsa a ciki tsakanin faranti biyu na ƙarfe.

Sai dai garin wasa ƙarfen nan bai san tabo ba, bai san lafiyayyen ƙarfe ba. Ya fi ci a farkon bututu, inda yake da kaifinsa kuma matsin wuta ya fi tsanani, wato a maƙogwaro. Can ne kuma dama bututu ke fara mutuwa, domin zafin albarushi yana zaizaye shi a hankali. Kowane harsashi mai kaushi yana tura maƙogwaron gaba kaɗan, abin da ya ci kuwa ya ciwu ke nan.

Shi ya sa a ganina magani ne na bututu mai ciwo. Bindigar kanti mai araha, wadda ke tara jan ƙarfe bayan 'yan harbe-harbe, tana iya amfana. Ko saitinta bai ƙaru ba, wankinta zai yi sauƙi. Amma bututu irin na kamfanin Krieger da ke Wisconsin an riga an goge shi da hannu, da curin dalma a kan sanda, maƙeri yana jin inda ya cije yana komawa kansa. Wanda ya biya kuɗin wannan aikin sannan ya bi shi da harsashi mai kaushi, ɓata shi yake yi.